Man giya ya koma fari sau biyu: binciken wani babur ɗin daji a Maraɗi

A tsakiyar watan Agusta aka kawo wani babur ɗin daji gareji a Maraɗi da ƙorafi uku: giya ta yi tauri, firi ba ya samuwa sai an kashe inji, kuma da an saka lamba ɗaya sai babur ɗin ya zabura gaba ko da hannu na matse da kuloci. Injinsa 125 ne, mai bugu biyu, irin wanda ke ƙona mai tare da fetur, kuma da ruwa yake sanyaya, wato yana da lagireto. Na hannu ne, ya shigo daga Turai ta Kwatano. Mai shi malamin gona ne da ke zagaya ƙauyukan kudancin gari, wajen Madarunfa, kuma da damina ba makawa sai ya ratsa ruwa, ko kwazazzaban da ke cika bayan an yi ruwan sama, ko fadamun da ke bakin Gulbin Maraɗi.

Da aka kwance notin juye, wato notin da ke ƙasan inji wanda ake sauke tsohon mai ta raminsa, abin da ya zubo ya rabu da kamannin mai. Fari-fari ne mai kauri, launin kunun gyaɗa, yana manne wa yatsa. Bakaniken ya tambaye shi, "Malam, ka shiga ruwa da shi kwanan nan?" Ya ce, "Shekaranjiya ma na ratsa, ruwa ya kusa rufe inji." Nan magana ta ƙare. Aka zuba sabon mai, kuloci ya ɗan saki, aka sallame shi.

Wannan hukunci ba na ganganci ba ne. Agusta ne watan da ruwan sama ya fi ƙarfi a yankin, gulbi na gudu, kuma yawancin baburan daji da ake hawa a nan, irin su DT 125 da AG 100 na ma'aikatan raya karkara, iska ke sanyaya su. Ba su da ko ɗigon ruwa a jikinsu, don haka duk ruwan da aka gani a mansu daga waje ya shigo. Bakaniken da hannunsa ya saba da waɗannan, da ya ga fari zai ce gulbi, kuma galibi ya canka. Sai dai wannan babur yana ɗauke da nasa ruwan kusan lita guda, kuma ba wanda ya buɗe murfin lagireto ya leƙa.

Bayan kwana takwas ya dawo da ƙorafin nan uku, mai ya sake yin fari, alhali mai shi ya rantse bai taka ruwa ba, kwalta kawai ya bi zuwa Tibiri ya komo, sai zirga-zirgar cikin gari.

Ruwa ne, kuma nawa ne?

Dawowar fari ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Juye ɗaya ba ya fitar da ruwa duka. Gurɓataccen mai yana laɓewa tsakanin faya-fayan kuloci, cikin boris, da lungunan da ba sa gangarawa bakin notin juye. Ruwa cokali ɗaya ko biyu ya isa ya juya launin man da bai kai lita ba. Saboda haka abu biyu ne a gaba: ko ragowar ruwan farko ce ta ɓata sabon mai, ko kuwa akwai inda ruwa ke ci gaba da shiga. Abin da ke raba su shi ne yawa. Ragowa ba ta ƙara mai, ɗigo kuwa yana ƙarawa.

Aka bar babur ɗin ya kwana a tsaye, ba a tayar da shi ba. Da safe aka sassauta notin juye kaɗan, ba a cire shi gaba ɗaya ba. Ruwa ya fi mai nauyi, lita ɗayarsa kilo ɗaya ce, ta mai kuwa ba ta kai giram 900 ba, don haka duk ruwan da ya samu ya ware cikin dare yana kwance a ƙasa, shi ke fara fitowa ta zaren notin. Haka aka gani: ɗigo-ɗigon ruwa garau, sannan farin man ya biyo. Aka tare shi duka a mazubi mai awo. Ƙa'idar wannan inji mililita 750 ce a juye. Abin da ya fito ya kai 860.

Wannan ma da sauran shakka, domin a juyen farko da ido aka zuba man, ba wanda ya auna. Amma ƙarin sama da mililita 100 ya isa ya sa a daina maganar ragowa.

Ba kowane mai mai haske ne ke da ruwa ba, shi ya sa ake gwadawa. Kulocin da ke cin jikinsa, musamman mai faya-fayan alminiyam, yana mayar da mai toka-toka, kuma idan aka shafa a yatsa aka duba a rana za a ga yana ƙyalli. Man da aka cika fiye da ƙima kuma yana yin kumfa har ya yi haske, amma da an ajiye shi rabin awa kumfar ta faɗa, ya koma launinsa. Gwajin da ke yanke magana mai sauƙi ne: a ɗora murfin gwangwani a kan garwashi ya yi zafin kimanin digiri 150 zuwa 160, wato zafin da ɗigon ruwa zai yi tsalle a kai amma mai bai fara hayaƙi ba. A ɗiga sabon mai a gefe ɗaya, wanda ake zargi a ɗaya gefen. Sabon zai bazu shiru. Mai ruwa zai yi tas-tas-tas yana feshi, don haka a janye fuska. Wannan gwaji yana kama ruwan da ido bai ma fara gani ba. Na wannan babur ya yi ƙara sosai.

Sauran aka zuba a farar kwalba aka ajiye a inuwa. Washegari ruwa ya kwanta a ƙasa siriri, garau, ba laka. Wannan abin lura ne. Ruwan gulbi da damina ja ne, ɗauke yake da laka da rairayi, kuma idan shi ya shiga sai ya bar ƙasa-ƙasa a gindin kwalba. Da an ajiye man juyen farko da an kwatanta, amma an riga an zubar. Duk man da ya fito da launin da ba a gane ba, a tare shi a kwalba kafin a taɓa komai.

Ta ina ruwa ke bi

A inji mai bugu biyu, man giya yana zaune ne shi kaɗai da haƙoran giya da kuloci. Ɗakin karanshaf daban yake, da bango da sil, wato zoben roba mai hana tsiyaya, a tsakani, shi man da ke ƙonewa da fetur ke shafa masa. Wannan ya sa wanda ya saba da mota yake iya ɓata hanya. A mota, da a babur mai bugu huɗu mai lagireto, farin mai yakan sa a zargi gasket ɗin kan silinda. A nan kuwa idan gasket ɗin kai ya ƙone, ruwa cikin silinda yake faɗawa, ba cikin giya ba. Alamominsa daban ne: farin tururi a salansa, saman fistin ya wanke tas, kumfa na tasowa a wuyan lagireto idan an ba da wuta, tiyo ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba. An duba, ba ko ɗaya. Buɗe kai a wannan hali asarar gasket ce kawai.

Sil ɗin karanshaf na ɓangaren kuloci shi ma an cire shi daga zargi. Idan ya mutu, inji ne ke zuƙar man giya yana ƙonawa: mai ya ragu, hayaƙi ya yi kauri, buji, wato fulogi, ya jiƙe. A nan ƙaruwa man ya yi.

Raɓa, wato gumin da ke taruwa cikin inji, a Maraɗi da wuya ta kai ga haka. Takan faru ga babur ɗin da ake tayarwa a yi gajeriyar tafiya a kashe, da sanyin safiyar hunturu ko a tsakiyar damina, kuma iyakarta ɗan farin maiƙo a ƙarƙashin murfin zuba mai. Ba ta ƙara mililita 100 cikin mako.

Ƙofofin waje kuwa suna da yawa. Akwai sil ɗin bayan ƙaramin haƙorin sarƙa, wanda ciyawa da leda kan naɗe su cinye leɓensa. Akwai na sandar canja giya, da na kik, da robar murfin zuba mai. Masu wankin babur da injin feshi mai ƙarfi sukan tura ruwa ta waɗannan wurare, domin an yi leɓen sil ne ya tare mai daga ciki, ba ya jure bugun ruwa daga waje ba. An goge su duka an duba, ba wanda ke tsatsar mai, kuma sil ɗin da bai bar mai ya fita ba da wuya ya bar ruwa mai yawa ya shiga.

Babbar ƙofar waje ita ce tiyon numfashi. Akwatin giya yana da iska a sama da mai, kuma dole ta samu hanyar fita idan ta yi zafi. Babur ya taho da gudu, iskar ciki ta kai digiri 90, sai ya faɗa ruwa ta sauka zuwa 40 cikin ɗan lokaci. Iskar da ta yi wannan sanyi tana tsukewa da kusan kashi 14 cikin 100, kuma abin da ke bakin tiyo shi za ta jawo ta cike gurbin. Idan bakin yana cikin ruwa, ruwa za ta sha. A wannan babur an tarar an taɓa yanke tiyon, bakinsa yana lilo a ƙasa kusa da inda hannun tayar baya ke juyawa, da busasshiyar laka a ciki. Ke nan bakaniken bai yi ƙarya ba a karon farko, gulbi ya shiga. Amma laka busasshiya ba ta bayyana ruwa garau na kwana takwas a kan kwalta.

Saura ƙofar ciki: famfon ruwa. Yana jikin murfin kuloci ta dama. Farfelarsa tana cikin ruwan lagireto, sandarta ta ratsa murfin, ɗaya bakinta yana cikin man giya inda haƙori ke juya ta. Abin da ya raba ruwa da mai a nan sil ne da faɗinsa bai wuce na kwabo ba. Wasu injuna suna da sil biyu da 'yar kafa a tsakani, da na ruwa ya mutu sai ka ga ɗigo a waje. Wannan ba shi da kafar. Duk abin da ya wuce sil, giya ya nufa.

Lagireto ya faɗi gaskiya

Da aka buɗe murfin lagireto, inji a sanyaye, ruwa bai rufe bututun ciki ba, 'yar tankin ajiya kuma ta bushe. Sai a nan mai babur ya ce ai ya fi mako biyu yana ƙara ruwa, kusan rabin kofin shayi duk bayan kwana biyu ko uku, ya ɗauka zafi ke shanye shi. Lagireto mai lafiya ba ya shan ruwa. Rufaffe ne: abin da ya kumbura ya tafi tankin ajiya, idan inji ya huce ya dawo. Wanda ake ƙara wa ruwa kowane mako yana zubarwa a wani wuri, idan ba a ga jiƙa a ƙasa ba to ciki yake zubawa.

Da ruwan sanyaya inji na kanti ne a ciki, da aikin ya zo da sauƙi, domin kore ne ko shuɗi ko ja, yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma launinsa zai fito a gindin kwalba. A nan ruwan leda ne da na rijiyoyin ƙauye, ba launi ba wari. Wasu kan ɗanɗana da harshe su ji ko da zaƙi. Kada a yi haka: sinadarin da ke cikin ruwan kanti guba ne, yana lalata ƙoda, kuma saboda zaƙinsa ba a zubar da shi inda yara ko awaki ke kaiwa.

Sai gwajin matsi. An cika lagireto har wuya, an bar giya ba mai, notin juye a cire, an shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Adadin da murfin lagireto ke jurewa a rubuce yake a kansa, na wannan 0.9 ne, wato ƙasa da bar ɗaya kaɗan a ma'aunin matsi, wasu kuma 1.1. Ba a wuce wannan adadi. Inda babu famfon gwaji, ana iya yanko bawul ɗin tsohon tib a ɗaure shi a tiyon da ke zuwa tankin ajiya, a hura da famfon keke mai agogo. Iskar za ta bi ta ƙaramin bawul ɗin da ke tsakiyar murfi ta shiga. Iskar mai faci kuwa ba ta dace ba ko kaɗan, nan take za ta kumbura lagireto ko ta fasa shi.

Minti goma allurar agogon ta ɗan sauka kaɗan, tiyo duk a bushe, takarda a bushe. A nan ne mutane da yawa ke wanke famfo daga laifi, kuma kuskure ne. Sil ɗin da ya gaji yana iya riƙe ruwa muddin sanda na tsaye, ya saki idan ta juya. Aka cire buji don inji ya yi sauƙi, aka riƙa danna kik da hannu a hankali. Allura ta fara gangarowa. Ba a jima ba yaron gareji da ke tsugune ya ce, "Maigida, ga shi nan yana ɗiga." Ruwa ne ke fitowa ta ramin notin juye. An haska cikin ramin buji, saman fistin a bushe.

Cikin murfin kuloci

An sauke ruwa ta notin da ke jikin murfin famfo, mai woshar jan ƙarfe. An cire kik, an sassauta birkin ƙafa ya kauce. Notocin murfin kuloci ba tsayinsu ɗaya ba; a zana siffar murfin a kwali a soke kowane noti a gurbinsa, domin dogon noti a gajeren rami yana fasa jikin inji. Idan famfon man da ke ƙonewa da fetur yana jikin wannan murfi, kamar yadda yake a nan, sai an cire wayarsa da tiyonsa, a toshe tiyon kada mai ya tsiyaye.

A gindin murfin an sami laka siririya, sauran shaidar gulbi. A ɓangaren famfo kuwa abu uku aka gani. Sil ɗin da ke ciki ba na famfon ruwa ba ne, sil ɗin mai ne na gama-gari da girmansa ya zo daidai, wani ya taɓa sakawa. Sifirin ɗin da ke matse leɓensa na baƙin ƙarfe ne, ya yi tsatsa ya tsinke. Sannan sandar farfela, daidai inda leɓen ke gogawa, ta yi zobe mai zurfin da farce ke maƙalewa a ciki. Farfelar kanta da ramin da take juyawa sun yi ɓawon farar ƙasa da jan tsatsa.

Ruwan rijiya ne ya yi wannan zobe. Yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa idan ya sha zafi, da rairayi mai laushi, kuma ba shi da maganin tsatsa. Waɗannan 'yan ƙwayoyi suna taruwa a leɓen sil, sanda na juyawa sau dubbai a minti, su riƙa cin ƙarfen sannu a hankali. Shi ya sa canja sil kaɗai a nan aikin banza ne. Sabon leɓe a kan sanda mai zobe ba ya kama ta, ko ya kama na 'yan makonni ne. Ƙa'idar ita ce farce: idan ya wuce sumul, sanda ta tsira, idan ya maƙale, a canja. Goge ta da sanfefa yana rage mata kauri ne kawai. An kuma girgiza sandar a mazauninta a ji ko tana wasa, domin sanda mai wasa tana buɗe leɓen sil a kowane juyi. An duba bayan farfela da haske, saboda tsofaffin murafai, musamman na maganiziyam, ruwa kan ci su har ya huda. Wannan bai hudu ba. A injuna da dama ruwa yana ratsawa daga murfin zuwa jikin inji ta cikin gasket ko zoben roba, kuma nan ma yana iya tsatsa cikin giya, don haka ba a mayar da tsohon gasket ko da ya fita lafiya.

A wannan inji farfela da sanda abu ɗaya ne, kilif da 'yar ƙusa ke riƙe haƙorin roba ta baya. A wasu kuwa farfelar ɗaure take da zare, wani zaren ma na hagu ne, don haka a tabbatar kafin a sa ƙarfi. An saka sabuwar sanda da sil na ainihi. Irin wannan sil yana da gefen ruwa, masu ƙera shi sukan buga alama a kai, kuma idan aka juya shi baya zai zubar tun ranar farko. Inda suke biyu, baya da baya suke zama: sifirin ɗin ɗaya na kallon ruwa, na ɗayan na kallon mai. Ana tura shi da soket mai faɗinsa, a miƙe, a shafa ɗan giris a leɓe, a shigar da sanda ana murzawa. Notocin murfi masu milimita 6 ana ɗaure su a gicciye, kimanin Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ba a shafa gam ya yi tudu, domin abin da ya matso ciki yana ɓallewa ya toshe hanyar ruwa. Bayan an mayar da famfon man ƙonawa, dole a buɗe notin fitar da iskarsa har mai ya fito ba kumfa. Wanda ya manta wannan, ya gyara giya ya kashe fistin.

Tun da murfi a buɗe yake, an zare kuloci. Faya-fayan ƙarfe sun yi dabbare-dabbaren tsatsa, masu fata kuma sun kumbura suna manne da su, abin da ya sa kuloci ba ya saki ke nan, firi ya ɓace. Na ƙarfen an goge su, an ɗora a kan gilashi, ba wanda ya lanƙwashe, aka mayar. Masu fatar an canja, an jiƙa sababbin a mai kafin a jera.

Wanke giya da abin da za a zuba

Kafin a zuba mai an maimaita gwajin matsi, har da taka kik. Allura ba ta motsa ba.

An zuba mililita 750 da awo, aka hau babur minti goma sha biyar ana bin giya duka har ya yi zafi, aka juye da zafinsa. Na farko ya fito da hazo, na biyu ya fi, na uku ya fito da launinsa kuma bai yi ƙara a kan murfin gwangwani ba. Barin inji yana aiki a tsaye ba ya wadatarwa, sai haƙora sun juya kuloci ya buɗe ya rufe. Akwai masu wankewa da gas ko kananzir don tsimin mai. Babu riba a hakan: ba sa ɗaukar ruwa kamar yadda man inji ke ɗauka, suna barin boris ba maiƙo, kuma abin da ya rage yana tsinka sabon mai. Fetur kuwa yana busar da sil. Dogaro da cewa zafi zai ƙone ruwan shi ma bai isa ba, domin man giya ba ya daɗewa sama da digiri 100, kuma kafin ruwa mai yawa ya fita ta siririn tiyo tsatsa ta gama aikinta.

Man da ya dace shi ne na babur, 10W-30 ko 10W-40, mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin galan. Wannan ma'auni na Japan ya fito a 1998 saboda kulocin da ke aiki cikin mai. Man mota na zamani mai rage gogayya yana sa kuloci sulɓi, man giyar mota mai lamba 90 kuma ya yi kauri, kuloci zai riƙa ja. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, wanda ba a san daga wace ganga ya fito ba, da damina shi kansa yana iya zuwa da ruwansa. Gwajin murfin gwangwani yana amfani a kansa tun kafin a zuba.

Lagireto an yi ta ɗuraye shi har ruwa ya fito garau, sannan aka zuba ruwan sanyaya inji. Hujjar da ake kawowa cewa a nan ba ƙanƙara, don haka ba a bukatarsa, ta kalli rabin aikinsa ne. Yana hana tsatsa da ɓawo, yana ɗan shafa wa leɓen sil, kuma haɗin rabi da rabi ba ya tafasa sai wajen digiri 107 ko ba matsi, abin da ke da amfani a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafin gari ke haura 40 ana fama da yashi a lamba biyu. Idan ruwan sanyaya mai kauri aka saya, da tataccen ruwa ake surka shi, irin wanda ake ƙara wa batir. A karanta jikin kwalbar da kyau, tataccen ruwa ake so, ba mai asid ba. A daji idan dole ta kama, ruwan leda ya fi na rijiya, amma a juye shi da an dawo gari.

Tiyon numfashi an saka sabo dogo, an hau da shi ƙarƙashin tanki, an lanƙwaso bakinsa yana kallon ƙasa don kada ruwan sama ko ƙura su faɗa. Ba a toshe shi. Akwatin da ba ya numfashi ta sil yake fitar da mai. An kuma gaya wa mai babur cewa duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar inji, ya sassauta notin juye washegari da safe kafin ya tayar, ya ga abin da zai fara fitowa.

An sa alama a jikin tankin ajiya da inji a sanyaye. Bayan kilomita 100 ruwa na kan alama, mai na daidai bakin notin awo, launinsa bai canja ba. Bayan kilomita 500, ciki har da ratsa ruwa, haka.

Abu ɗaya ya rage ba a gyara ba. Da aka cire sarƙa aka juya sandar ƙaramin haƙori da yatsu, an ji ɗan gurzo, alamar tsatsa ta taɓa boris ɗin da ke bayanta, wataƙila a makonnin da babur ya riƙa kwana da ruwa a ciki. Ba ta wasa sama da ƙasa, sil ɗinta bai jiƙe ba. Canja wannan boris sai an sauke inji an raba shi biyu, don haka aka shirya da mai shi a bari sai bayan kaka, lokacin da zagayen gonaki ya lafa. Kafin nan za a riƙa juye kowane kilomita 1,000, an saka notin juye mai maganaɗisu, kuma idan aka ga ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya a kansa maimakon baƙin gari mai laushi, ko aka ji kuka yana tashi da gudun taya ba da wutar inji ba, ko sandar ta fara wasa, za a sauke injin a ranar.